Jan Ɗigo Uku a Gindin Tukunya

Hoton bai faɗi ko'ina ba sai gaban gwiwoyinta.

Eunice na durƙushe a tsakar gidan su Sylvanus, saurayin da za ta aura, a Narayi, kular dambu a hannunta, ko gaisuwar ba ta ƙarasa ba.

"Ɗauki ki duba," in ji Mama Hauwa, mahaifiyarsa. "Ki gaya min wace ce wannan ta tsakiya."

Ta ɗauka.

Ita ce.

Ita ce da ƙawayenta na jami'a, sun kewaye wata babbar tukunya a durƙushe, kowacce ɗaure da zane ja da baƙi. An toshe taga da bargo. Ga wani kwano a gefe cike da abu ja wur, hasken kyamara kuma ya mayar da idanunsu kamar na mage. Ita kanta da ta san abin da ke cikin tukunyar, sai da gabanta ya faɗi.

"Mama... gwaten acca ne fa. Na cikin kwanon kuma zoɓo ne..."

"Zoɓo!" Mama Hauwa ta tafa hannu. "Ni za ki yi wa zoɓo? An gaya min komai! Kuna kulle ƙofa. Kuna rantsuwa. Tukunyar ma akwai jini ɗige a gindinta, ko an wanke ba ya fita!"

"Mama, wallahi..."

"Rufe min baki!"

Eunice ta rufe. Ba a jayayya da Mama Hauwa. Shekara da shekaru ita ce Uwar Zumuntar Mata a cocinsu, in ta ɗaga gira mata hamsin ke yin tsit. Maƙwabciyarta ma, Maman Janet, da katanga ɗaya ta raba su, fiye da shekara ke nan ko sannu ba ta haɗa su, a kan wani kayan girki da ya ɓace bayan biki.

Amma yau ba faɗa kaɗai ke cikin muryar ba. Akwai tsoro.

"Ɗa ɗaya na riga na ba ƙungiyar asiri," ta ce, muryarta ta dushe. "Gideon ya tafi karatu da ƙafafunsa, aka dawo min da shi a bayan mota. Ba zan ba su na biyu ba. Ba zan buɗe musu ƙofa da hannuna su shigo min gida da farar riga ba."

Hawaye suka zubo wa Eunice. Ta san Gideon, autan gidan. Ta yi waƙa a jana'izarsa.

"Ran Asabar, in mun gama koyon waƙa, ki same mu a bayan coci. Ki kawo tukunyar da zanen. A fasa, a ƙone. Ki furta da bakinki cewa ƙungiyar asiri ce kin fita, ki kira sunan sauran a yi musu addu'a."

"In... in ban yi ba fa, Mama?"

"Ran Lahadi ne sanarwar aurenku ta ƙarshe, ko? To da Fasto ya tambaya ko akwai mai magana, ni zan miƙe."

Ta juya ta shige ɗaki.

Dambun nan ko buɗe shi ba a yi ba.

*

Ita dai Eunice ba ta taɓa zama ta ce za ta kafa ƙungiya ba. Ciwo ne ya kafa ta.

A shekararta ta uku a jami'a, wata yarinya 'yar Rido mai suna Ruth ta kwanta zazzaɓi a hostal, 'yan ɗakinsu duk sun tafi gida. Da Eunice ta tura ƙofar don aron guga, Ruth ko ɗaga kai ba ta iyawa. Marainiya ce, babu mai zuwa dubiya, babu mai aiko ko garin kunu. Ranar Eunice ta bi ɗakunan 'yan Kaduna ɗaya bayan ɗaya, wannan ta ba da tafin acca, wannan yakuwa, waccan gyaɗa, aka haɗa gwate aka ɗura wa Ruth.

Daga nan abin ya zauna. Duk Asabar su haɗu su dafa, su yi wa juna kitso, su rako juna daga ajin karatu. Suka sa wa kansu suna Tukunya Ɗaya. Duk mai son shiga, sai ta kawo tafin hatsi daga ɗakin girkin uwarta, ta faɗi sunan uwar, ta zuba.

Kulle ƙofa? An hana kunna risho a hostal, in aka kama ki sai ta Allah. Shi ya sa bargo ke hawa taga.

Ja da baƙi? Babanta, Malam Ishaya, a masaƙa yake aiki a Kakuri. Ragowar atamfar da inji ya ɓata ake ba su, wannan ce ta samu, ita ce kuma ta ishi kowa.

Tukunyar kuwa Sylvanus ne ya kai mata ita har makaranta a bayan babur, ya ce ta hannu ce ya saya a kasuwa. Ranar ne ma ta tabbatar ya gama da zuciyarta. Wasu 'yan matan turare ake kai musu. Ita tukunya aka kai mata, ta kuma fi jin daɗinta.

Duk wannan a da ba komai ba ne. Amma bana sojoji sun koma bariki, farar hula sun hau, kowace jami'a ta kafa kwamitin farautar 'yan ƙungiyar asiri. Ba a doguwar tambaya. Da an ji sunanki daga bakin wadda ta ce ta tuba, sai ki haɗa kayanki.

Su goma sha ɗaya ne a bayanta.

Ruth saura mata zango ɗaya ta gama.

*

Washegari da yamma Sylvanus ya zo Kamazou, unguwar su Eunice, ko kayan aikinsa na matatar mai bai cire ba. Ya tsayar da babur a bakin hanya inda ake gasa masara, ya sa aka kira ta.

Tana hango shi zuciyarta ta karye. Dogo ne, baƙi, da wushiryar nan da ta hana 'yan kwaya bin waƙa daidai. Yau babu murmushin.

"Uni..."

Shi kaɗai ke kiranta haka.

"Ka ji?"

"Na ji. Jiya ko abinci Mama ba ta ci ba." Ya kamo yatsunta. "Dube ki, idonki duk ya kumbura. Haba masoyiyata."

"Ka gaya mata gaskiya? Kai fa ka sani, Sylva. Ka ci gwaten nan da bakinka, har ƙari ka yi!"

"Na gaya mata. Ta ce an ba ni a abinci ne shi ya sa nake kare ki."

Eunice ta yi wata dariya da ta fi kuka ciwo.

"Uni, ki saurare ni. Abeg. Magana ce kawai ta baki. Ki faɗa, a ƙona zane, a wuce wurin. Allah ya san zuciyarki."

"Sunayen fa?"

Ya kawar da kai.

"Fasto zai ji, dattawa za su ji, Tracy da ta ɗauki hoton za ta ji. Kafin a koma hutu maganar ta isa makaranta. Ruth fa, Sylva? Kawunta akuyoyinsa ya sayar ya sa ta a jami'a!"

"To ki ce ke kaɗai ce."

"Da hoton mutum goma sha biyu?"

Ya share gumi, alhali hadari ne a sama, iska na kaɗawa.

"Me kuma ta ce ki kawo?"

"Zanen. Da tukunyar."

Sai ta ji ya saki hannunta.

"Tukunyar?"

"E mana."

"Wadda... wadda na kawo miki? Tana nan Kaduna?"

"Tana ƙarƙashin gadona. Da wa zan bar ta a hostal, a sace?"

"Kai! A'a. Uni, kar ki kai ta. Ki ce ta ɓace. Gobe zan shiga kasuwa in sayo wata, ki kai musu su fasa."

Ta kalle shi sama da ƙasa.

"Wato ƙarya biyu ke nan zan yi a bayan coci. Ta farko in ce ni 'yar asiri ce, ta biyu in kai tukunyar bogi."

"Ba za ki gane ba..."

"To ganar da ni!"

Ya kalli mai masara, ya kalli tayar babur ɗinsa, ya kalli wutar matata da ke ci can nesa ta wajen Rido. Ko'ina ya kalla ban da fuskarta. Namiji ke nan, in an zo wurin da ake buƙatar bakinsa sai ya tuna yana da wuya da zai sunkuyar.

"Ina son ki, Uni. Kin san ina son ki. Ba na so in rasa ki a kan tukunya."

"Ni ma ba na so in same ka a kan bayan Ruth."

Ta juya.

"Uni!"

Ba ta waiwaya ba, don in ta waiwaya ta san za ta ce to.

*

Kwanakin da suka biyo baya, Eunice ko abinci ba ta iya ci.

Rigar aurenta na rataye a bayan ƙofa cikin leda, in ta kalle ta sai kuka. Mamanta ta yi lallashi ta gaji. Babanta cewa ya yi da ya sani da koriyar atamfa ya roƙa.

Ran Alhamis ta je ɗinki a Sabon Tasha, sai ga Tracy ta fito daga shagon gyaran gashi tana hura farcenta da ta shafa wa ja.

Tracy 'yar cocinsu ce, makarantarsu ɗaya. Ta shiga Tukunya Ɗaya da rawar jiki, ita ce ma ta zo da kyamara. Da aka zaɓi Eunice shugaba ta daina zuwa. Da aka fara sanarwar auren Eunice da Sylvanus ta daina gaisuwa. Tun suna makarantar Lahadi take ajiye masa wuri a benci, shi kuwa bawan Allah bai taɓa lura ba.

"A'a, amarya!" in ji Tracy. "Kin rame o. Lafiya?"

"Me na yi miki, Tracy?"

"Ni? Hoto kawai na nuna. Mama ta yi tambaya, na ba ta amsa."

"Kin ci daga tukunyar nan. Ranar da aka sace miki jaka, wa ya ciyar da ke har ƙarshen wata?"

Fuskar Tracy ta ɗan motsa, sai ta gyara tsayuwa.

"Ke komai naki ne. Shugaba ke, amarya ke." Ta hura farcen. "Sai Asabar."

Daga nan Eunice ba gida ta yi ba, Rido ta wuce. Ta tarar da Ruth na wanki, ta zauna a kan turmi ta zayyana mata komai.

Ruth ta zare hannunta daga cikin kumfa.

"Ki faɗi sunana," ta ce a hankali.

"Kin haukace?"

"Ke kika ɗaga ni ranar nan, Eunice. Ba don ke ba da gawata za a tarar. In digiri ne..."

"Ki yi min shiru, Ruth!"

Suka rungume juna suna kuka, kumfa duk ta ɓata musu riga.

"To me za ki yi?"

"Zan kai tukunyar. Zan kai zanen. Su fasa, su ƙona, nasu ne." Ta share hanci. "Amma bakina ba zai ce abin da ba haka ba."

"Sylvanus fa?"

Eunice ta miƙe ta kama hanyar gida.

*

Asabar ta zo da yayyafi.

A bayan cocin, matan Zumunta sun gama koyon waƙa amma ko ɗaya ba ta tafi ba. Wa zai tafi? Suna zaune a kan bencina cikin ankonsu, tulunan kiɗa da kacau-kacau a gefe. Fasto Bitrus na tsaye da Littafi a hammata. An haɗa itace, an ajiye galan na kananzir da taɓarya. Maman Janet na can ƙarshen benci, nesa da Mama Hauwa kamar kullum. Tracy na gaba-gaba.

Eunice ta shigo da tukunyar a ka, naɗe cikin zanen ja da baƙi.

"Jinin Yesu!" wata tsohuwa ta ce, ta janye ƙafa.

Ta sauke. Ta duba ko'ina.

Babu Sylvanus.

Ashe haka za ta ƙare, ko zuwa ba zai yi ba.

Sai ta ji motsi a bayanta. Ruth ce, ɗaure da nata zanen. Bayanta wata, bayanta wata. Duk wadda ke cikin Kaduna ta zo, kowacce ban da Ruth da ɗan ƙullin hatsi a hannu. Suka jeru a bayanta.

"Kun gani ko?" Tracy ta raɗa, yadda kowa zai ji.

Fasto ya yi gyaran murya. "'Yata Eunice, ba mu taru don mu kunyata ki ba. Ki faɗi gaskiya, Ubangiji mai gafara ne."

Mama Hauwa ta tsare ta da ido. Idon ya yi ja, da gani ita ma ba ta yi barci ba.

"Mama..." Eunice ta ɗago kai. "Mama, ina son Sylvanus. Allah ya sani, ban san yadda zan yi in babu shi ba. Ga tukunya, ga zane, ku yi yadda kuka ga dama. Amma mu ba 'yan asiri ba ne. Ba zan faɗa ba."



Mama Hauwa ta miƙe a hankali.

"To kin zaɓa." Ta juya. "A ba ni taɓarya."

Ƙarar babur ta katse ta.

Ko kashe shi da kyau bai yi ba, ya bar shi ya faɗi a cikin taɓo. Sylvanus ya ratso matan a guje, ya zo ya zube a gaban tukunyar, ya kare ta da jikinsa.

"Mama, kar ki fasa!"

"Tashi min a nan!"

"Mama, in ƙungiyar asiri ce to ni ne babbansu. Ni na kai musu tukunyar."

"Na sani, an ce ka saya musu..."

"Ban saya ba." Ya kalli Eunice, wannan karon cikin ido. "Uni, ki yafe min. Ƙarya na yi miki. A ɗakin ajiyar Mama na ɗauka."

Ya kama bakin zanen ya yaye.

Taɓaryar ta suɓuce daga hannun Mama Hauwa.

Ta matso. Ta durƙusa, ita da ba ta durƙusa wa kowa sai Mahaliccinta. Ta shafa kunnen tukunyar guda da ya lanƙwashe. Ta kifa ta.

Ga su nan a gindi. Ɗigo uku, jajaye.

"Ga jinin nan!" in ji Tracy. "Na gaya muku!"

Maman Janet ce ta fara magana daga ƙarshen benci, a sanyaye, kamar mai tambayar farashin tumatir.

"Hauwa. Ba tukunyar da kika ce na sace ba ce wannan?"

Duk macen Zumunta tana da alamarta. In ana biki ko makoki kowa ta kawo tukwanenta a haɗa, in an watse alamar fenti ce ke mayar da kowace tukunya gidanta. Wata gicciye, wata layi biyu, wata harafin sunan miji. Babu macen da ke wurin da ba ta san ɗigo ukun Uwar Zumunta ba. Tsoro ne kawai ya hana ita mai alamar tunawa, da aka ce mata jini.

"Fentin ƙofar coci ne," Mama Hauwa ta ce, kamar da kanta take magana. Ta ɗora yatsa a kan na farko, tana kiran sunayen 'ya'yanta. "Sylvanus." Na biyu. "Diana." Yatsan ya tsaya a kan na uku, ya ƙi gaba.

Na Gideon ne.

"Shi ya lanƙwasa kunnen nan," ta ce. "Yana ƙarami, ya mayar min da ita ganga."

Sylvanus ya sunkuyar da kai. "Na ga ba kya dafa komai a cikinta tun bayan rasuwarsa, Mama. Na ce gara ta yi amfani. Da kika fara nema na ji tsoro, da kika kama Maman Janet kuma sai kunya ta hana ni..."

Tas!

Marin ya sauka a ƙeyarsa, har tsuntsayen kan rufin coci suka tashi.

"Ƙato da kai! Shekara guda ina gaba da baiwar Allah a kan banza!"

"Ƙara masa ɗaya nawa," in ji Maman Janet.

Wasu suka fara dariya ƙasa-ƙasa. Eunice dai ba ta yi ba. Tukunya ta zama ta Mama, amma wannan bai wanke su ba.

Mama Hauwa ta ɗago ta kalle ta.

"Rantsuwar fa? An ce kuna rantsuwa."

"Alkawari ne, Mama."

"Ku yi shi. A nan. Ba ƙofa, ba bargo. In gani da idona."

Itacen da aka tara don ƙona zane, shi aka hura. Aka ɗora tukunyar a kan duwatsu uku, aka zuba ruwa. 'Yan matan suka kewaye ta a durƙushe, daidai yadda suke a hoton.

Eunice ta kwance ƙullin da ke bakin zanenta. "Daga ɗakin girkin Saratu, matar Ishaya." Ta zuba acca.

Ta kusa da ita ta faɗi sunan tata uwar, ta zuba. Haka suka bi layi. Matan Zumunta suka fara gyaɗa kai, don rabin sunayen nan tare suke waƙa a taron gunduma.

Aka zo kan Ruth.

Ta buɗe tafinta. Babu komai.

"Ni ba ni da uwa," ta ce. "Ranar da na shiga, hannu wofi na zo. Sai kowacce ta ɗiba daga nata ta zuba min."

Tana rufe baki, 'yan matan suka miƙo hannu ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta sa mata kaɗan har tafin ya cika. Ta zuba.

Sannan suka haɗa baki:

"Ba wadda za ta kwana da yunwa muna nan. Ba wadda za ta kwanta ciwo ita kaɗai."

"Shi ke nan?" in ji Fasto.

"Shi ke nan, Baba. Sai ci."

Mama Hauwa na tsaye, hawaye na bin kumatunta, ba ta ko share ba.

"Gideon ya rubuto min sau ɗaya," ta ce. "Ya ce Mama, na samu abokai, su suke ba ni abinci in kuɗina ya ƙare. Na yi ta murna. Ban tambayi su wane ne ba." Ta ja numfashi. "Da ya samu irin wannan tukunyar a can..."

Ba ta ƙarasa ba. Maman Janet ce ta taso daga ƙarshen benci ta riƙe ta, suka tsaya a haka, su biyu, yayyafi na sauka a kan ɗankwalayensu.

Da ta natsu, ta fyace hanci da bakin zane, Uwar Zumunta ta dawo.

"Wace ce ke wanke tukunyar nan? Dubi gindinta! Haka uwayenku suka koya muku? Kai kuma, in gwaten ya nuna, kwanon farko a kanka za ka ɗauka har gidan Maman Janet, a ƙafa, kowa ya gan ka."

"To, Mama."

Tracy ta lallaɓa za ta zame.

"Ke! Zo nan."

Ta dawo, kai a ƙasa.

"Ke kika ce min jini. Kin san abin da kalmar nan take min, kika zaɓe ta." Mama Hauwa ta miƙa hannu. "Ba ni abin nan da kike shafa wa farce."

Tracy ta lalubo 'yar kwalbar daga jaka.

Sai da aka ci aka siɗe, matan Zumunta na cewa gishiri ya yi kaɗan suna miƙo kwano a ƙara. Ruth ce ta zuba ta miƙa wa Tracy nata, ita kuwa ta karɓa ta kasa ɗaga ido. Aka wanke tukunyar, wannan karon a gaban mai ita, aka goge ta tas.

Sylvanus ya matso kusa da Eunice, ƙeyarsa har yanzu da shatin yatsu.

"Uni... kin yafe?"

"Ka bar ni na kwana huɗu ina kallon rigar aure ina kuka."

"Na sani. Ni matsoraci ne. Amma matsoracinki ne, ke kaɗai."

Ta harare shi. Hararar ba ta yi ƙarfi ba, don bakinta ya riga ya ci amanarta.

"Eunice!"

Ta zabura ta je ta durƙusa.

Mama Hauwa ta kifa tukunyar a cinyarta, ta buɗe kwalbar jan farcen.

"Tukunyar nan aro na ba ku. Ku koma da ita makaranta, ku daina toshe taga, ku je ku gaya wa hukuma abin da kuke yi. In suna da tambaya su zo Narayi su same ni. Ranar biki kuma a dawo min da ita, da ita za a dafa."

"Mama... gobe fa? In Fasto ya tambaya?"

"In ya tambaya, duk wadda ta miƙe ni da ita ne."

Ta tsoma ɗan burushin, ta kai shi kusa da ɗigon Gideon. Sai ta kamo hannun Eunice ta ɗora a kan nata.

Tare suka ɗiga.

"Sylvanus," in ji Mama Hauwa tana nunawa. "Diana. Gideon."

Ta hura na huɗun don ya bushe.

"Eunice."